Ƙwayar Gawayin Umma

Umma ta faɗo falon ɗanta ko sallama babu.

"Ke Amarya, fito! Yau za a yi ta ta ƙare!"

Amarya ta fito daga kicin, hannunta duk kumfa. Mijinta, Tela, yana kwance da bandeji a goshi. Jiya farfaɗiya ta sake kayar da shi a kan keken ɗinki, karo na uku ke nan cikin wata guda.

"Shekara biyar ciwon ɗana bai tashi ba, kina shigowa ya dawo! Me kike barbaɗa masa a abinci?"

"Umma, wallahi ni ke ba shi maganinsa, kullum ƙarfe bakwai—"

"Rufe min baki! Kai kuma, ko ka sallame ta ko ka nemi wata uwar! Ba don ƙwayar gawayin da nake aiko maka ba, da tuni ta kai ka ƙasa!"

"Wace ƙwaya?" Amarya ta juya ga mijinta.

Tela ya sunkuyar da kai. Ashe tun satin biki Umma ta sa shi rantsuwa zai riƙa haɗiye baƙaƙen ƙwayoyi biyu a ɓoye kowace safiya, don ta ji ana cewa suna tsotse guba.

"Ka ci girkina, ka bi shi da makarin guba?" Hawaye suka zubo mata. Ta share, ta ɗauko mayafi. "Mu je asibiti. In likita ta ce ni ce, da ƙafata zan tafi."

Da suka isa asibiti, likita na ganin kwalbar ƙwayoyin gawayin ta buga tebur.

"Hajiya, gawayin nan ba shi da ido! Abin da ya tarar a ciki yake kamawa, guba ko magani. Maganin farfaɗiyar yake shanyewa kafin ya kai jini! Ko bitamin ba a haɗa shi da shi, sai an ba da tazarar awanni, kuma da izininmu. Saura ƙiris ku kashe shi!"

Umma ta juya. Da ƙyar ta kamo hannun surukarta.

"'Yata, ni ce mai barbaɗen. Ki yafe min."

Amarya ta yafe mata nan take. Tela kuwa sai da ya yi sati yana lallashinta, kuma tun da ya daina haɗiyar gawayin ciwon bai sake kayar da shi ba.

Haka zargi yake: yakan sa uwa ta cuci ɗanta da hannun da take kare shi. Mai haƙuri kuwa, gaskiya ke tsaya masa.