Taga a Buɗe

Ƙarfe takwas na safe mai motar share ƙanƙara ya bugo waya: ga gawa a bakin rafi, ƙasa da rijiyar gas. Sufeto Marcia Yanchik ta iso ta tarar da Dokta Alvin Prokop rub da ciki, an rotse masa ƙeya da sifana, jini ya daskare a kwalar rigarsa. Wallahi ko kare ba a yi wa irin wannan kisa.

Prokop mai gwajin ruwa ne. Tun da kamfani ya fara ɗura ruwa da yashi da sinadarai cikin ƙasa yana fasa dutse don fito da gas, kwarin nan namu na Pennsylvania ya rabu biyu: masu cewa haƙar ce ta ɓata rijiyoyi, da masu cewa tun kaka da kakanni gas ɗin yana cikin ruwa. Shi aka kira ya raba gardama. Akwatinsa na cin kwalba goma sha biyu na ruwan da ya ɗebo don gwaji, amma ɗaya ta yi ɓatan dabo.

Sufeto ta fara da Duane Petrosky, wanda ruwan famfonsa ke kamawa da wuta.

"Ban gan shi ba," in ji Duane.

"To uban wa ya fasa maka yatsu?"

Ya kalli hannunsa ya yi tsaki. "Naushi ɗaya na yi masa. Wai gas ɗin rijiyata tsoho ne, na fadama. Ni zai raina wa hankali?"

"Daga nan ina ya nufa?"

"Gonar Merle."

Merle Hotchko shi ya fara sa hannu aka haƙa rijiyar gas a filinsa, shi kuma ya bi gida gida yana rantsuwa babu abin da zai faru. Shanu sittin gare shi. Duk ranar da aka ce ruwansa ya ɓaci, masu madara sun daina tsayawa a ƙofarsa ke nan, gonar ubansa ta mutu.

"Bai zo nan ba, 'yar nan," ya ce mata a kicin. "Me zai gwada? Ruwana garau yake."

"Baba Merle, ba ka jin sanyi?"

Sanyin Janairu ne mai karya ƙashi, amma tagar da ke saman famfo a buɗe take, an tokare ta da cokali. A nan kwarin kowa ya san wane irin gida ne ke barin taga a buɗe cikin ƙanƙara: gidan da gas ke fitowa ta famfo, ana tsoron ya taru ya fashe.

Ta murɗa famfo. Famfon ya yi tari, ya tofo farin ruwa mai kumfa. Ta zaro ashana.

"Ke, kul!"

Merle ya daka tsalle ya maka ta da firji, leɓenta ya fashe. Ya shaƙe ta da hannun da ya shekara hamsin yana tatsa. Ta sa gwiwa ta doke shi a mara, ta murɗe masa hannu har sai da kafaɗa ta yi ƙara, ta sa masa ankwa.

"Ruwa garau ba ya tsoron ashana," ta ce tana tofar da jini.

Ya kifa kai a ƙasa yana haki. "Maruƙa uku aka haifa mini a mace. Na roƙe shi, na ce Dokta rufa mini asiri, ko zuwa bazara. Ya ce kwalba ba ta ƙarya. Ya juya baya, sifana tana hannuna." Kwalbar da ta ɓata kuwa tana cikin ramin taki.

Suna fita motar madara ta shigo harabar, kamar kullum. Sufeto ta ɗaga wa direba hannu, ya juya bai ɗauki ko ɗigo ba. Merle ya bi motar da kallo har ta sha kwana. Tausayinsa ya kama ta, duk da wuyanta na mata zogi.

Wani ɗan sanda ya koma zai kulle gidan.

"Yallaɓai," in ji Merle a hankali, "kar ka rufe tagar. Matata tana sama."