Fitilar da Ke Bin Na Ƙarshe

Ranar da ya fara shiga shagonta yayyafi ake yi. Ya tsaya a bakin ƙofa da hular kwano a hammata, rigar fatarsa a hannu, zif ɗinta ya tsage har ƙasa.

"An ce nan ake gyaran kayan 'yan babur."

Auta ba ta ɗago daga keken ɗinki ba. "An faɗa maka gaskiya. Faɗuwa ka yi?"

"A'a. Ƙusar ƙofa ce ta kama ni."

Sai ta ɗago ta dube shi, dariya ta ƙwace mata. Duk masu kawo mata riga da labarin jarumta suke zuwa, wannan ya share kwalta da kafaɗa, wancan ya sha da ƙyar a gaban tirela. Wannan bawan Allah kuwa ƙusa! Dogo ne mai sanyin magana, aikinsa ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. 'Yan kulob ɗinsu na babur sun ce karayar da ya gani ce ta hana shi gudu, shi ya sa suke ce masa Kunkuru.

Daga ranar kayansa suka shiga lalacewa ba ƙaƙƙautawa. Yau madaurin hula, gobe jaka. Ran nan ya kawo safar hannu, Auta ta juya ta gaba da baya ba ta ga ko zare ɗaya da ya fita ba.

"Malam Kunkuru, ina yagewar?"

"Tana hanya," ya ce. "Na ce gara in riga ta zuwa."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Madubina, na isa gida lafiya. Na yi tafiyar da ko mai keke ya wuce ni, don ina tuna dariyarki."

Ta mayar masa: "Kunkuruna, ci gaba da rarrafe. Ni ba na son masu sauri."

Ba wasa take yi ba. Kulob ɗin na masu hawan babur ne don sha'awa, duk Asabar da safe su yi jerin gwano su haura tsaunukan bayan gari su dawo. Dokarsu ɗaya ce mai ƙarfi: kowa ya bar fitilarsa a kunne ko da rana tsaka, kowa kuma ya riƙa duba fitilar na bayansa a madubi. In ta ɓace, ka tsaya ka juya. Na ƙarshe a jerin shi ake kira wutsiya. Shi ke tsintar duk wanda ya faɗi, shi kuwa in ya faɗi sai na gabansa ya tuna da madubi.

A da, Yayan Auta ne wutsiya. Wata Asabar ya zame a wata kwana kusa da kwalbati, na gabansa yana can yana jin daɗin gudu. Sai da suka isa gari suka cire huluna sannan aka ce, ina wutsiya? Likita ya ce da an dawo da wuri da wataƙila ya rayu. Baban Auta, tsohon makanike, ya ɗauko babur ɗin ya gyara shi tsaf, ya lulluɓe shi da tamfol a garejin bayan gida, ya rataye riga da hular ɗansa a jikin bango, ya rufe. Ko sunan babur ba a ƙara ambata a gidan ba.

Kunkuru kuwa shi ne wutsiyar kulob na yanzu.

Ranar da ya je gaishe da Baba a ƙafa ya je, amma a banza. Tsohon ya kalli takalminsa na hagu, inda ƙarfen giyar babur ya cinye fatar.

"Kai ne na nawa a jeri?"

"Na ƙarshe, Baba."

Baba ya girgiza kai. Umma da ke bayan labule ta fara sharar hawaye.

"Yaro, ba ni da abin zargi a kanka. Amma na binne mai hular kwano ɗaya. Ba zan ɗauki 'yata in ba wanda zan sake binnewa ba. Ka gaida gida."

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta rubuta masa: "Ka sayar da shi mana. Ni ban kai babur ba?"

Ya amsa: "Kin fi shi nesa ba kusa ba. Amma in na sauka, wa zai tsaya a baya? Duk cikinsu ba mai haƙurin wurin. Ki ba ni lokaci in samu wanda zan yarda da shi."

Ana cikin haka sai ga Guguwa. Shi ne wanda ke gaban Yaya a waccan Asabar ɗin. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayi mota mai sheƙi, ya fara zuwa neman Auta, yana gaida Baba da ladabi kamar ya kwanta a ƙasa. Umma ta ce ai ko ba komai wannan yana da rufi a kansa. Auta ko ruwa ba ta son miƙa masa.

Daga nan ne fitilar ta fara.

Asabar ɗin da ta biyo baya, sun fara hawan tsauni ke nan Kunkuru ya duba madubi don sabo. Akwai fitila a bayansa. Ja-ja ce, irin ta tsofaffin babura, can nesa. Ya ce wani matafiyi ne, ya matsa gefe ya rage gudu don a wuce shi. Fitilar ma ta rage. Ya ƙara mai, ta ƙara. Da suka sauko bakin gari ya sake dubawa, babu kowa sai kwalta.

Sati na gaba ma haka. Wanda ya biyo shi ma haka. Ya tambayi 'yan kulob ko akwai sabon shiga, suka ce kai ne dai ƙarshe, Kunkuru, in ka ga wani a bayanka to katantanwa ce. Aka yi dariya. Wani tsohon ɗan kulob ne kawai bai yi ba, ya tambaye shi launin fitilar, da ya ji sai ya sa hularsa ya tafi ba sallama.

Magana ba ta kwana a bakin 'yan babur. Guguwa ya ɗauke ta da zafinta ya kai shagon Auta.

"Ƙanwata, ni tausayinki nake ji. Saurayin nan naki yana yawo yana cewa marigayi na bin sa. Ko dai kansa ya taɓu, ko kuma so yake ya ci kasuwa da mamaci don Baba ya tausaya masa."

Ran Auta ya ɓaci matuƙa. Ta rubuta wa Kunkuru: "Duk abin da za ka yi ka yi, amma ka cire Yayana daga bakinka. Kada ka ƙara zuwa shagona."

Amsarsa ta zo a gajarce: "Wallahi ban taɓa cewa shi ne ba. Na ce na ga fitila. Jiya ta matso har na ga mai ita. Baƙar riga, da farin faci a kafaɗar dama kamar jinjirin wata. Ban gaya wa kowa wannan ba sai ke."

Auta ta sake karanta saƙon. Ita ta ɗinka facin nan, tun tana koyon ɗinki, da guntun farar fata don ba ta da baƙa. Yaya ya ce a bar shi haka, ya yi kyau. Kunkuru bai taɓa ganin rigar ba, bai ma shiga kulob ba sai bayan rasuwar.

Da Asabar ta zagayo ta rufe shago da azahar ta koma gida. Baba ba ya tsakar gida, Umma ta ce ya shiga ɗaki ya kwanta, tun safe yana wajen wani abokinsa. Auta ta ɗauki makulli ta zagaya gareji. Komai na inda yake, tamfol a lulluɓe, riga da hula a bango. Ta ja numfashi za ta fita, sai ta ji ƙas... ƙas... ƙas, a hankali, daga ƙarƙashin tamfol. 'Yar makanike ce, ta san kukan injin da ke hucewa. Ta zura hannu. Ƙarfen da ɗumi. A tayar baya akwai jar laka ɗanya, irin wadda babu ita a cikin gari.

Ba ta san lokacin da ta kai ɗakinta ba. "Ka yafe mini, Kunkuruna," ta rubuta. "Injinsa da zafi. Ina jin tsoro. Don Allah kada ka fita Asabar."

"Ni ma tsoron nake ji, Madubina. Amma bai taɓa yi mini komai ba. Bi na kawai yake yi."

Ya fita. Ranar gajimare ya sauko har kan hanya kamar farin hayaƙi, mutum ba ya ganin abin da ya wuce babura biyu a gabansa. Bishiyoyi suna ɗigar da ruwa, ko tsuntsu ba ya kuka. Jar fitilar na nan a madubi, tana lumshewa tana buɗewa cikin farin hayaƙin. Suka sha kwanar kwalbati ɗaya bayan ɗaya. Kunkuru ya miƙe babur ɗinsa ya duba madubi.

Babu fitila.

Ya sake dubawa. Fari fat. Zuciyarsa ta ce masa, Allah Ya raka taki gona, ja mai ka bi 'yan'uwanka! Nan ne fa inda abin ya faru, wa ya aike ka? Ya danna hon, na gabansa bai ji ba, hayaƙi ya haɗiye shi. Amma dokar ba ta ce sai fitilar mai rai ba. Ya taka birki, ya karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, ya juya.

A ƙasan kwalbati ya hango tayar baya tana juyawa ita kaɗai. Kusa da ita mutum ne kwance cikin laka, baƙar riga, farin faci a kafaɗa. Kunkuru ya gangara. Ya durƙusa, ya kai hannu, ya ɗaga baƙin gilashin hular.

Furfura ya gani.

"Baba!"

"Ƙafata," tsohon ya ce da ƙyar.

"Kada ka motsa, Baba. Kada ka taɓa hular. Ina nan, ba inda zan je."

Shi ya kira motar asibiti, shi ya riƙe masa wuya har ta iso, shi kuma ya ɗauki hoton ƙafar da hannunsa. Karaya ce a ƙauri, sauran jiki lafiya. Auta da Umma suka iso a gigice. Umma ta rasa ko kuka za ta yi ko faɗa, sai ta haɗa duka biyun.

"Malam, da girmanka! Ashe abokin da kake zuwa wajensa ke nan?"

Baba ya bar ta ta gama. Sannan ya dubi Auta.

"Na hana ki shi, amma na ga yadda kike ramewa. Na san kuma ba zai sauka ba, na gani a idonsa. Sai na ce to, in ya dage sai ya zama wutsiya, ba zai zama na ƙarshe ba."

"Amma Baba," Kunkuru ya ce, "kai da ka san hanyar nan tun ba a haife ni ba, me ya kayar da kai?"

Tsohon ya kalli silin.

"Waiwaye na yi. Tun fitar farko akwai fitila a bayana ni ma. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Yau a kwanar nan ta ɗauke, na juya kaina ina nemanta."

Tsigar jikin Auta ta tashi. Ta kama hannun Umma, ta ji shi sanyi ƙalau.

"Ban san mene ne ba, kuma ba zan yi wa Allah shisshigi ba," Baba ya ce. "Abin da na sani, ɗana ya kwanta a ramin nan da mutane masu rai a gabansa, ba wanda ya juyo. Kai kuwa ka zaci mamaci ne, kana rawar jiki, ka juyo." Ya dubi Kunkuru. "Ka turo manyanka."

Guguwa ya zo dubiya da motarsa. Baba ya amsa gaisuwarsa da kyau, ya yi masa addu'a, ya kuma gaya masa an riga an ba da ita.

Aka ɗaura aure bayan an cire wa Baba filasta. 'Yan kulob suka zo gaba ɗayansu, suka kashe injuna tun daga bakin layi suka turo baburansu da hannu don girmama gidan. Da aka zo tafiya da amarya Baba ya dogara sandarsa har bakin ƙofa. Ya kama hannun Auta, ya daɗe yana riƙe da shi kamar ya fasa, sannan ya sa shi cikin na angon.

"Biyu Allah Ya ba ni," ya ce. "Ita ce ta rage. Ga ta."

Kunkuru ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hannuwan uku. Umma ta ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zuri'a mai jin ƙai, Ya ji ƙan wanda ya riga mu. Duk layin aka amsa da amin.