Karyayyen Tabarau a Ƙasan Akwati

Wata yarinya 'yar Damagaram ta samu tallafin karatu a wata makarantar kwana kusa da Greensboro, a ƙasar Amurka. Tana da ƙoƙari sosai, ga kunya kamar me. Ko an manta gishiri a miya, ita dai sai ta ce ta yi daɗi.

Makarantar ba ta karɓar yaro daga wata ƙasa sai yana da mai riƙonsa a gari. Tanti Kouloussoum, ƙawar mahaifiyarta tun suna yara, ita ta ɗauki wannan nauyi. Tana da shagon kitso a cikin gari, gidanta kuma yana Pleasant Garden, wani ɗan gari da ke kusa. Duk ƙarshen mako takan je da mota ta ɗauko yarinyar.

Ranar da yarinyar za ta baro gida, mahaifiyarta ta ja mata kunne. "Taimakonmu za su yi. Kada ki ɗora musu nauyi. Abin da aka ba ki, ki karɓa ki gode."

Yarinya ta riƙe maganar gam, har fiye da yadda aka ba ta.

Wata rana a filin wasa ƙwallo ta bugi fuskarta. Tabaraunta ya faɗi, wata ɗaliba ta taka shi cikin gudu. Ya karye gida biyu. In babu shi kuwa, ba ta ganin abin da ke nesa. Ta tsince shi, ta ƙulle a hankici, ta tura ƙasan akwati.

Ranar Juma'a Tanti ta zo ɗaukarta.

"Ɗiyata, ina tabaraunki?"

"Na bar shi a lekol, cikin aji, Tanti. Idona ya yi sauƙi yanzu."

"To, madalla. Babu dai wata damuwa ko?"

"Babu komai, Tanti."

Ƙarya ce fa, kuma ita ma ta ji nauyinta a ƙirji.

A aji, rubutun allo ya koma mata dishi-dishi. Malama ta rubuta uku, ita ta kwafi takwas. Kullum kanta ciwo yake saboda ƙanƙance ido. Makinta ya yi ta sauka, har Malama Celina, mai koyar da lissafi, ta kira ta gefe.

"Me ke damunki? Da ke ce ta gaba a ajin nan."

"Babu komai, Malama."

"To ki saurara. In kika faɗi jarrabawar ƙarshen zango, za a janye tallafinki. Sai dai ki koma gida."

Yarinya ta tsorata. Ta tuna yadda 'yan unguwarsu suka rako ta tasha suna sa mata albarka. Da wane ido za ta dube su? Amma duk da haka ta ci gaba da ɓoye maganar tabarau.

Malama Celina ba ta tsaya nan ba. Ta buga wa Tanti waya. Tanti ta bar kan wata mata rabi a kitse rabi a tsefe, ta ba ta haƙuri, ta shiga mota.

Lokacin da ta iso, ɗalibai suna fitowa daga ɗakin cin abinci. Ta tsaya jikin mota tana ɗaga hannu. Yarinyar ta dubi wajen sarai, ta wuce abinta. Sai da Tanti ta matso ta dafa kafaɗarta sannan ta gane ta.

"Tun ɗazu nake ɗaga miki hannu, kika dube ni kamar itace," in ji Tanti. "Faɗa min gaskiya. Ina tabarau?"

Yarinya ta fashe da kuka. Ta faɗi komai, tun daga ƙwallo har hankici.

"Inna ce ta ce kada in ɗora muku nauyi."

Ran Tanti ya sosu ƙwarai.

"Kin san abin da ya fi yi min ciwo? Malamarki ta tambaye ni ko na san halin da kike ciki, na rasa abin faɗa. Da uwarki ta ba ni ke, ɗiya ta ba ni. In idonki ya lalace a hannuna, me zan ce mata?"

"Ki yafe min, Tanti."

"Na yafe. Share hawaye, mu nemi izini mu tafi wajen likitan ido."

Cikin 'yan kwanaki sabon tabarau ya iso. Da ta saka, sai ta tsaya tana kallon itatuwa. Ashe ganye ya yi ja da rawaya tuntuni, ita ba ta da labari.

Ranar Lahadi Tanti ta sayo katin waya, suka kira Damagaram. Da Inna ta ji labari, sai ta yi salati.

"Ke 'yar nan, cewa na yi kada ki yi roƙo, ban ce ki makance ba."

Tanti ta yi ta dariya har da riƙe ciki.

Sai dai karatun da ya wuce ta ba wasa ba ne. 'Yan ajinsu suka tafi gidan namun daji, ita tana zaune da littafin lissafi. A shago ma, Tanti tana kitso, ita tana gefe tana aiki. Ta sha wuya, kuma ta san ita ta jawo.

Jarrabawa ta zo ta wuce. Ba ta zo ta ɗaya ba, amma ta haye, tallafinta ya tsaya daram.

Da aka ba da hutu, sanyi ya shigo sosai. Wata safiya ta tarar da Tanti a kicin tana dama kunu. Ta daɗe a bakin ƙofa tana murza yatsu, sannan ta daure.

"Tanti, takalmin sanyina ya matse ni. Yatsuna har ciwo suke."

Tanti ta ajiye ludayi, ta dube ta, idonta ya ciko da ƙwalla don daɗi.

"Yau kam na yi ɗiya," in ji ta. "Sha kunu mu tafi kanti."

Yara, kunya ado ce, amma ba a ɓoye damuwa ga wanda aka ba amanarka. In abu ya same ka, ka faɗa da wuri tun bai girma ba.