Barcin Badiyya

"Wannan na waye?"

Hajiya Azumi ce ta jefo tambayar, ta bi ta da fakitin magani, ya faɗi kan tabarma daidai ƙafar Badiyya. Ko gaisuwar Umma, mahaifiyar Badiyya, ba ta amsa ba. Raliya 'yar ƙanwar Hajiyar na tsaye a bayanta tana wani sunkuyar da kai, sai ka rantse ba ita ta tono abin ba. A cikin akwatin da aka kai jere ta gan shi, ƙarƙashin atamfofi, ana sauran 'yan kwanaki a ɗaura auren Badiyya da Shafi'i, ɗan Hajiyar tilo.

Badiyya ta ce nata ne, maganin barci ne, likita ya rubuta mata. Hajiya ta taɓe baki, ta ce ai 'yan ƙwayar da ke kwana ƙarƙashin gadar Agege ma kowanne da likitansa.

Gaskiya kuwa yarinyar ta faɗa. Mijinta na fari, Isah, direban tanka ne. A hanyar Apapa motarsa ta kama da wuta, aka kawo mata abin da ya saura a cikin likkafani. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata. Likita ya ba ta ƙwaya don ta samu ta fita takaba da hankalinta, takaba ta ƙare, ƙwaya ba ta ƙare ba. Jiki ya saba, har ta kai in ta yi fashin dare ɗaya hannunta rawa yake kamar mazari.

A haka Shafi'i ya same ta. Fataucin raguna yake a kasuwar Alaba Rago, ya zo sayen dambun naman da take yi, ya dawo washegari wai ya manta canji, ya sake dawowa ba tare da wani dalili ba. Ranar da ta faɗa masa sirrinta tana jiran ya gudu, sai ya ce ta shirya ranar Litinin su koma asibiti. Likitar da suka samu ta ja musu kunne sosai: wannan magani ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa, in ba haka ba yana iya kayar da mutum. Shafi'i ne ke zama a zaure da reza yana raba mata ƙwayar, yana tsokanarta wai shi da ke sayar da rago guda, yau ga shi yana kasa abin da bai kai ƙwayar wake ba. Daga guda suka koma rabi, daga rabi suka gangaro kwata. Abu ɗaya ya bari bai yi ba. Bai gaya wa mahaifiyarsa ba, yana cewa sai an gama.

To, yau ga mahaifiyar, shi kuma yana can Arewa yana lodin ragunan Babbar Sallah.

Hajiya ta sa aka ɗauko sauran da ke ƙarƙashin matashi, ta haɗa duka ta watsa a magudanar ruwa. Sannan ta sa Raliya ta miƙo Alƙur'ani daga kan kanta. Ta ce in dai Badiyya na son ɗanta, ta yi alwala ta dafa, ta rantse ita da ƙwaya har abada.

Maganar likita na nan a bakin Badiyya, tana jin ta kamar garwashi. Amma ina aka taɓa jin yarinya ta buɗe baki ta ce wa uwar miji ba haka ba ne? Ta dubi Umma, Umma ta kau da kai, ita ma kunyar ce ta ɗaure ta. Kwata ne fa kawai ya rage, ta ce a ranta, me kwata zai yi? Ta dafa ta rantse.

Da Shafi'i ya kira washegari da yamma yana tambayar ko gimbiyarsa ta sha rabonta na jiya, ta ce ta sha. Ba ta so ta haɗa shi da uwarsa ana dab da biki.

Wayyo Badiyya. Kwata ɗin nan da ta raina shi ya nuna mata iyakarta. Ido ya bushe, gumi ya riƙa karyo mata ko fanka na juyawa. Ƙarar motocin haya na danfo daga titi sai ta ji kamar a cikin ƙwaƙwalwarta ake bugawa. Abinci ya ƙi shiga. Ƙawaye suka ce zumuɗin aure ne, suka yi ta mata dariya, ita ma tana yaƙe.

Ranar lalle, tana zaune an naɗe mata ƙafa, mata cike da tsakar gida, sai kawai ta sandare ta kife. Jiki ya hau karkarwa, kumfa a baki. Nan take tsofaffi suka yanke hukunci, iska ce. Wata ta ce ai dole, marigayin ne ke kishi. Aka rufe ƙofa, aka kunna hayaƙi, aka aika a kira mai ruƙiyya. Iya Sikira maƙwabciyarsu kaɗai ke ta faɗin a kai ta asibiti, ba wanda ya saurare ta, sai ta ɗauki waya ta kira Shafi'i, wanda shigowarsa gari ke nan, ko raguna ba a gama saukewa ba.

Bai nemi izinin kowa ba. Ya ratsa cikin mata ya sunkuce ta, lalle na goge masa riga, ya sa ta a keke mai ƙafa uku.

Allah ya yi da sauran kwana. Amma likita ta ce dole ta koma kan maganin, kuma ba daga kwata ba, daga sama za a sake farawa. Badiyya ta juya fuska bango. Duk wahalar watannin nan ta bi ruwa, ga rantsuwa a wuya. Malamin unguwa ya ce ta yi kaffara, Allah ba ya son a halaka rai. Ta yi. Hajiya Azumi kuwa abu biyu kawai ta riƙe: yarinya ta faɗi a bainar jama'a, kuma ta dafa Alƙur'ani ta karya. Shafi'i ya yi bayani har muryarsa ta dushe, ya kai kawunai, ya kai limami. Ta ce in ya auri Badiyya bayan ta mutu, to, amma tana raye ba ta yafe nononta ba.

Ya zo zaure wata la'asar, ya rame ya yi baƙi. Ya ce zai jira, ko shekara nawa ne.

"Ka jira me, Shafi'i? Mutuwar Hajiya?"

Kafin ya buɗe baki ta ɗora:

"Ni na san ciwon rashi. Ba zan zauna ina ƙirga wa uwarka kwana ba."

"Laifina ne, Badiyya... Da na gaya mata tun farko..."

"Da ni ma na buɗe baki." Ta share ido da gefen hijabi. "Ka tafi, don Allah. In ka ƙara zama ba zan iya cewa ka tafi ba."

Namiji guda ya fita yana kuka, yara na kallonsa.

Ita kaɗai ta sake hawa tudun. Ta koyi raba ƙwayar da kanta, ta daina shayi bayan azahar, tana tashi lokaci ɗaya ko ta samu barci ko ba ta samu ba. Akwai makonnin da jiki ya ƙi, likita ta ce a tsaya nan tukuna, ba tsere ake ba. A cikin haka ta ji guɗa daga layin su Hajiya, an kai Raliya ɗakin Shafi'i. Ranar ta so ta haɗiye guda biyu. Ta ɗauki fakitin ta kai wa Umma ajiya, ta dawo ta yi kukanta a wuce wurin.

Damina ta wuce, wata ta zagayo, kafin likita ta ce ta ajiye ɗan ɓarbashin da ya rage. Darare suka yi mata gardama. Sai wata safiya ta buɗe ido ta ga rana ta haye taga, ga Umma a ƙofar ɗaki da tsintsiya tana korar yara kada su yi hayaniya. Ashe ko kiran asuba ba ta ji ba. Barcinta ne, nata na kanta, wanda rabonta da shi tun ranar da aka kawo Isah.

Kafin ta yi tunani har ta danna lambarsa. Shi ya kamata ya fara ji.

Muryar mace ce ta amsa. Raliya ta gane ta, ta ce a hanya ya kwana da raguna, yanzu ya samu ya kwanta.

"Ko in tashe shi?"

Badiyya ta danne bakinta da hannu har sai da muryarta ta dawo.

"A'a," ta ce. "Ki bar shi ya yi barcinsa."