Matoshin Jirgin Torleif

Insifekta Gunvor Aksnes ba ta kai ga kurɓar kofinta ba waya ta yi ƙara. Jirgin tsoho Torleif Vik, ɗan jirgin katako mai filafilai, ya nitse da hantsi a bayan hasumiyar fitilar da ke haska wa jirage hanya a garin Skarvik. Masunta sun tsamo Torleif da ransa. Ƙanensa Oddvar kuwa gawarsa suka tsamo.

Abin ya tsaya mata a rai tun a mota. Ba hadari, iska ma daidai wa daida. Jirgin da ya shekara arba'in yana ratsa wannan ruwa ba ya nitsewa haka kawai.

A asibiti ta tarar da tsohon lulluɓe da bargo, 'yarsa Ragnhild na zaune a gefen gado tana riƙe da hannunsa.

Gunvor ta ce, "Baba Torleif, kun bugi dutse ne?"

"Wane dutse, 'yata? Duwatsun nan duk na san su da sunansu."

"Ba ku ji karo da wani abu ba? Gungume, ko kwantenar da ta faɗo daga babban jirgi?"

"Ko ƙwas ban ji ba. Muna tafe Oddvar yana yi min tsiya wai ban iya juya jirgi ba, sai ya leƙa ciki ya ce ruwa ya rufe daɓe. Na kunna famfo, shiru." Ya rufe ido. "Ki rubuta ni na kashe shi. Matoshi na manta ban ɗaure ba."

Kowa a Skarvik ya san matoshi. In hunturu ya zo aka ɗora jirage a tudu, sai a kwance ɗan murfin tagulla da ke ƙasan kowane jirgi don ruwan sama ya tsiyaye. In bazara ta yi a mayar da shi.

"Ka tuna ka manta, ko zato kake?"

"Wanda yake sa takalmi a firji, me kuma ba zai manta ba?"

Ragnhild ta ce, "Ciwon mantuwa ne, Insifekta. Tun bara nake roƙonsa ya haƙura da teku. Ni ko kusa da jirgin nan ba na zuwa, warinsa ma amai yake sa ni."

Gunvor ta fito zuciyarta a cunkushe. Ta sha ganin masu laifi suna rantsuwa ba su yi ba. Wanda ke roƙon a ɗora masa laifi ya fi tayar mata da hankali. In ta karɓi maganarsa, an rufe bincike, tsohon kuma zai shiga kabari da jinin ƙanensa a wuya.

Da aka ɗago jirgin, masu nutso suka zagaya da ita. Katako lafiya lau, ba tsaga ba huda. Dalmar da ke ƙasan jirgin don daidaita shi tana nan daram. Matoshin kuwa a cikin jirgin aka same shi yana yawo ƙarƙashin daɓe, ko ƙwarzane babu a jikinsa, sai ɗan jan fenti a kansa. A wajen famfo kuma ramin fis, ɗan abin da ke kai wa famfon wuta, fayau yake.

Ta nufi rumfar ƙungiyar masu jirage. Shugabansu Steinar, mutum mai baki kamar reza, yana kankare wani kwalekwale.

"A'a, hukuma da kanta! Ranki ya daɗe, tarar mota ce ko ta kifi?"

Ta ajiye matoshin a gabansa. Dariyar ta ɗauke.

"Wannan jan fentin na mene ne?"

"Namu ne. Ranar da muke taruwa mu tura jirage ruwa, mai jirgi ya ɗaure matoshinsa, wani daban ya sake gwadawa da sifana, sannan a ɗiga fenti a bakin. Ba fenti, ba shiga ruwa. Ko limamin coci ne sai ya bi layi."

"Wa ya gwada na Torleif?"

"Marigayin. A gabana ya ja shi har yana nishi, yana cewa yayansa hannun lagwani gare shi."

"Ke nan bai manta ba."

"Ina fa! Da ya manta, ai a gaban idonmu jirgin zai sha ruwa, ba sai an kwana biyu ba. Wani ne ya fasa fentin nan."

"An ce kai ne kuka yi cacar baki da Torleif kan wurin ɗaure jirgi."

"Shekara nawa muna yi? Shi ne motsa jikinmu. Ranar Juma'a ma, ana gobe jirgin zai nitse, ni na taya shi shafe daɓen jirgin da kwalta. Duba gwiwata, har yau ta ƙi fita."

Gunvor ta dubi baƙin tabon da ke wandonsa ta daɗe.

"In mutum zai kai hannu ga matoshin, dole ya durƙusa a daɓen?"

"Dole, sai dai in tashi sama yake yi. Sannan sai da sifanar Torleif, don kan matoshinsa irin na da ne. Tana rataye a kicin ɗinsa."

Washegari aka sallami tsohon, Gunvor ta bi su gida da saje guda. Ragnhild ta kawo kofi da waina mai zuma. Torleif yana falo ya zuba wa taga ido. Sifanar tana rataye a ƙusarta kusa da murhu.

"Wa ke da makullin gidan nan?"

"Ni da Baba. Da Baffa Oddvar."

"Ranar Juma'a da yamma kina ina?"

"Ina nan gida. Na ce miki ba na zuwa tashar jirage."

Gunvor ta miƙe ta je zaure, inda rigunan ruwa suke rataye. Ta ɗauko wani wandon roba ruwan ɗorawa, ƙarami, wanda ko ƙafa ɗaya ta Torleif ba za ta shiga ba. An wanke shi, an goge, amma gwiwoyin biyu baƙi ƙirin, warin kwalta na tashi. Ta sa hannu a aljihu, ta fito da fis.

Ta ajiye su a tebur. A ranta ta so a ce ba ta samu ba.

Ragnhild ta zauna daɓas.

"Ba haka na nufa ba," ta ce, muryarta can ƙasa. "Wallahi ba haka na nufa ba."

"Me kika nufa?"

"Bara ya ɓata a teku, ya kasa gane hanyar gida, sai da aka je nemansa. Na ɓoye makulli, ya fasa kwado. Na kai shi wajen likita, ya zagi likita. Baffa kuma sai zuga shi yake, wai in bar namiji ya sha iska." Ta share hanci. "Sai na ce bari in sassauta matoshin, in cire fis, ruwa ya taru a hankali. Da safe su tarar da jirgi ya cika a tasha, a ɗora shi tudu, bazara ta wuce. A tasha ruwan iya ƙirji ne, Insifekta. Iya ƙirji!"

"Amma bai zuba ba."

"Da safe na leƙa daga kan hanya na ga jirgi garau. Na ce ashe ban iya kwancewa ba. Na tafi aiki."

"Ya riƙe a ruwan kwance. Da igiyar teku ta fara dukansa sai ya fita." Gunvor ta sunkuyo. "Wannan na gane. Abin da ban gane ba, kina zaune a gefen gadonsa yana cewa shi ya kashe ƙanensa, kika yi shiru."

Ragnhild ta fashe da kuka. "Na ɗauka zai manta. Komai yana mantawa. Wannan kaɗai ya ƙi mantawa."

Ba su ji tahowarsa ba. Torleif yana tsaye a ƙofar kicin, ya dafa bango. Ya dubi wandon, ya dubi 'yarsa, idonsa tar, babu alamar ruɗewa.

"'Yata," ya ce wa Gunvor, "tun a asibiti na gaya miki ni ne. Ki rubuta haka. Ni tsoho ne, me za a yi min?"

"Ba zan iya ba, Baba Torleif."

"Ƙanena ya tafi. Ita kaɗai ta rage min."

Ragnhild ta tashi ta kama hannayensa biyu. "Ba ka manta ba, Baba. Ka ɗaure shi tam. Ni na kwance."

Saje ya ciro ankwa, Gunvor ta girgiza masa kai. Ragnhild ta nuna mata inda magungunan tsohon suke, da wanda ake sha kafin abinci, sannan ta bi saje zuwa mota.

Gunvor ba ta bi su ba. Ta ja kujera ta zauna kusa da Torleif, ta fara kiran maƙwabta, tana neman wanda zai kwana da shi.