Nonon Oriana

Cikin banɗakin gonar furanni Yusmary take tsugune, kwalba tsakanin gwiwoyinta, tana tatsar nononta da hannuwan da ƙayar wardi ta gama zanawa. Ana ta buga mata ƙofa, ita kuwa hawaye take yi shiru... Da kwalbar ta cika ta ɗaure mata wuya da jan robar da ake ɗaure furanni, ta lallaɓa ɗakin sanyi ta tura ta bayan bokitai. A gonar nan ta garin Facatativá fure yana da ɗakin hutu, mai jego kuwa sai banɗaki.

Da ciki ta tako daga Venezuela a ƙafa. Mijinta ya wuce Peru neman aiki, Allah ya taimake shi ya samu, har da wata matar. Ba ta da kowa sai jaririyarta Oriana, sai Doña Herminia, mai gidan da take haya, wadda ke rainon yaran ma'aikata da rana tare da jikanta Brayan. Kullum da yamma Yusmary za ta miƙa mata kwalaben a sa a firji don gobe.

Amma Oriana sai ramewa take yi. Wuya ya zama zare, kukan ma ba ƙarfi.

"'Yata, ba na faɗa miki ba?" in ji Doña Herminia, tana jan carbinta. "Nonon da ya wuni cikin zafin rumfar ledar gonarku, ga baƙin cikin miji, ai guba ne. Kada ki ƙara dawowa da gumi ki ɗora ta a ƙirji. Ki tatse ki ba ni ya huce."

"Doña, da hannunki kike ba ta?"

"Ji mini yarinya. Na raini rabin unguwar nan, sai 'yar gudun hijira ce za ta tuhume ni?"

Yusmary ta ba da haƙuri, ta bi umarni. Ta tsani jikinta, ta durƙusa gaban hoton Budurwa Maryamu tana cewa, "Ke ma kin shayar a ƙasar da ba taki ba. Idan laifina ne, a ɗora mini, a bar yarinyar nan..."

A asibitin unguwa, ma'aikaciyar jinya Nidia ta ɗora Oriana a sikeli, ta ce, "Uwa, in ba ta ƙaru ba dole in sanar da hukumar yara, kuma za su iya karɓe ta." Doña Herminia, da ta yi rakiya don tsabar tausayi, ta matsa ta raɗa wa Nidia, "Kin san mutanen nan, haihuwar kawai suka iya." Duk a kunnen Yusmary.

Ba a jima ba Don Arcesio, shugaban ma'aikata, ya je duba furannin da za a kai ƙasar waje, ya yi kiciɓis da kwalaben a ɗakin sanyi. Ya ɗago ɗaya da yatsu biyu gaban kowa.

"Wace saniya ce ta buɗe mana shagon madara?"

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa mai biyan albashi. Yusmary ta fito kanta a ƙasa. "Nawa ne, ranka ya daɗe. Abincin 'yata ne."

"To ki kai mata da zafinsa. Kada ki dawo."

Haka ta kamo hanya da tsakar rana, ba aiki, gaban rigarta jiƙe. A bakin layinsu ta haɗu da Nidia, ta zo duba gida ba sanarwa kafin ta kai rahoto. Tare suka tura ƙofa.

Doña Herminia na kan kujera, Brayan a cinyarta, kumatu kamar burodi, yana zuƙar bulumboti. A gefe ga kwalba mai jan roba, babu komai ciki. Oriana kuwa tana ƙasa kan bargo, an tura mata tsumma jiƙe da ruwan mazarƙwaila tana tsotsa.

Yusmary ta ruga. Ta zube ta ɗauki 'yarta ta ɗora a ƙirji da gumin da komai, yarinyar ta kama kamar za ta shige ciki.

"Uwarsa ba ta da nono," Doña Herminia ta fara in-ina, "madarar gwangwani kuma tana kumbura masa ciki..."

"Gubar dai ta karɓe shi," in ji Nidia.

Kafin yamma labari ya zaga unguwa. Iyaye suka kwashe yaransu, hukuma ta hana Doña Herminia raino, har a coci benci ya zama nata ita kaɗai. Nidia ta je gonar da kanta ta tuna wa mai ita haƙƙin masu shayarwa. Aka mayar da Yusmary bakin aiki, aka share wani sito aka sa kujera da firji, Don Arcesio da kansa ya ɗauko kujerar, fuska kamar an aiko shi jana'iza.

Oriana ta fara kumatu. Wata Lahadi sai ga Leidy, 'yar Doña Herminia kuma uwar Brayan, a sabon ɗakin da Yusmary ta kama haya, ɗauke da Brayan yana tsala kuka, duk ya rame.

"Na san komai tun farko, na yi shiru," ta ce tana kuka. "Ba ni da bakin roƙonki..."

Yusmary ta kalli yaron. "Da kun roƙa tun can, da nonon ya ishe su duka biyun." Ta gyara wa Oriana kai a ƙirjinta, ta tura kujera da ƙafa. "Zauna ki jira. Sai tawa ta ƙoshi."