Na Sani, Kaka

A can wani ƙauye, da daɗewa, an yi wata yarinya marainiya mai suna Tasalla, tana zaune da kakarta. Yarinya ce mai zafin nama, sai dai ba ta bari mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Wata rana kakar ta ciro wani tsohon majanyi daga ƙasan adaka, ta ce, "Tasalla, wannan majanyin..."

"Na sani, Kaka, wanki yake so!" Ta fizge, ta wanke, ta shanya.

Kashegari kakar ta sake cewa, "'Yar nan, majanyin nan fa..."

"Na sani, Kaka, ɗinki yake so!" Ta ruga ta ɗauko allura.

Rana ta uku, tsohuwa ta buɗe baki ke nan, sai Tasalla ta ce, "Na sani, Kaka, ya tsufa!" Nan take ta kekketa shi don ta samu tsumman goge tukwane.

Da ta ɗago kai, sai ta ga hawaye a fuskar kakarta.

Tsohuwa ta ce a hankali, "Da shi mahaifiyarki ta goya ki, har ranar da ta kwanta ciwon ajali. Kwana uku ke nan ina so in ba ki."

Tasalla ta durƙusa. Ta tsince ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ta rungume su a ƙirji, ta zauna kusa da ƙafafun kakarta.

Ta ce, "Kaka, ban sani ba. Wace irin mace ce ita?"

Tsohuwa ta fara ba ta labari. Har inuwa ta juya, Tasalla ba ta ce uffan ba.